Begila, Minda Uku, Da Littafin Da Na Ɓatar

Wata ranar Asabar cikin watan Disamban da ya wuce, ina zaune a ƙofar gidana a Kubwa bayan sallar la'asar, sai ga ɗana na uku ya shigo da wani baƙo, mutum mai fara'a da tsabtar tufa, da 'yar jakar fata a hammata. Da muka gama gaisawa aka kawo masa ruwa, sai ya ce shi dillalin kayan tarihi ne, yana da rumfa a cikin gari, yawancin masu cinikinsa kuwa Turawan ofisoshin jakadanci ne da waɗansu masu aiko masa da saƙo daga ƙetare. Abin da ya kawo shi wani hoto ne da yaron nan ya ɗauka da wayarsa ya watsa wa abokai, hoton wata tsohuwar begila mai lotsattsen baki.

Begilar mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Tun rasuwarsa cikin 1994 take hannuna, cikin wata baƙar adakar ƙarfe da na ɗauko daga ƙauyenmu a ƙasar Kano bayan sadakar arba'in. Ban da begilar, a cikin adakar akwai jar dara wadda asu ya ci rabinta, da waɗansu takardun kuɗi guda huɗu irin waɗanda Japan ta buga wa Bama lokacin da take riƙe da ƙasar, da hoto guda na samari goma sha biyu cikin kaki da gajeren wando, da kuma minda uku, watau lambobin yaƙi. Biyu taurari ne masu tsini shida, ɗaya daga cikinsu ƙyallenta ja ne a tsakiya da shuɗi da ruwan lemo a gefe, ita ce ta Bama. Ta ukun zagayayya ce kamar tsohuwar fataka, da kan Sarki George na Shida a gaba, a bayanta kuma zaki ya taka wani dodo.

Da a ce bara ne mutumin nan ya zo, da ruwan da ya sha shi ne iyakar rabonsa. Amma ya zo a kan gaɓa. Ƙanena da ke Kano zai aurar da 'yarsa ta fari bayan ƙaramar salla, kowa kuwa ya san abin da kayan ɗaki suka zama a wannan zamani. Sau biyu yana bugo mini waya, ya kewaya ya kewaya, daga bisani ya fito da abin da ke ransa. Ya ce, "Yaya, kayan Baba da ke wajenka ai gado ne, ba a kuwa taɓa raba su ba. In akwai mai so da daraja, a sayar a fid da haƙƙin kowa." Ban ji daɗin maganar ba, amma ban iya cewa ya yi ƙarya ba. An raba gona, an raba gida, har tabarmi da butoci an raba. Adakar ce kaɗai aka bar mini, domin a lokacin babu wanda ya zaci tana da wani kuɗi.

Na sa aka fito da ita. Dillali ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarma ya jera kayan ɗaya bayan ɗaya. Begilar ya fara ɗauka, ya juya ta, ya hura mata tururin baki ya goge da hannun riga yana neman tambarin maƙera. Ya shinshina darar ya ajiye. Kuɗin Japan ko kallo na biyu bai yi musu ba, ya ce an buga su kamar ganyen bishiya, ba su da wuyar samu. Sa'an nan ya ɗauki mindodin, ya kifa kowace a tafin hannunsa, ya dubi bayanta ya dubi gefenta, ya ɗago kai ya ce, "Ranka ya daɗe, ina littafin?"

Na gane littafin da yake nufi, na kuma yi kamar ban gane ba. Shi kuwa ya ɗauka rashin sani ne, sai ya shiga yi mini bayani, kuma gaskiya ya san sana'arsa. A yaƙin duniya na farko, in ji shi, kowace minda da Ingila ta bayar an buga sunan mai ita da lambarsa da rundunarsa a jikinta. Amma a yaƙin Hitila, saboda yawan mutane da tsimin kuɗi, sai aka raba su haka nan babu suna. Ƙasashe irin su Ostareliya da Afirka ta Kudu sun buga wa nasu sojojin sunaye, namu kuwa suka karɓa yadda aka ƙero su. Saboda haka tauraron Bama na mahaifina da na kowane soja cikin dubban da suka je can duk ɗaya ne, ba ka iya rarrabe su. Abin da ke ɗaura minda a ƙirjin mutum guda shi ne littafin sallama, wanda aka rubuta suna da lamba da garinsu da ranar shiga da ranar fita da halinsa a bakin aiki. Ba littafi, in ji shi, abin da zai iya ba ni a kan mindodin uku bai kai kuɗin buhun shinkafa biyu ba.

Na tambaye shi, to, me masu tara irin waɗannan kaya suke saye ke nan, in ba ƙarfen ba? Ya yi dariya ya ce labari suke saye, amma labarin da takarda ta tsaya masa. Shi ya sa kayan sojojin sama suka fi na kowa tsada, domin kowane ɗayansu yana da littafin tashi wanda ake rubuta kowace tafiya a ciki: ranar, irin jirgin, sunan matuƙi, inda aka nufa, sa'o'in da aka yi a sama, babban hafsa kuma ya sa hannu a ƙarshen wata. A cikin na sama ɗin ma an fi neman na mayaƙan ruwa, masu tashi daga bisa jirgin ruwa, saboda ba su da yawa. In kuwa aka yi dace mai littafin ya yi suna daga baya a wata sana'a, kamar kiɗa, to, farashi ya tashi daga hannun dillali ya koma hannun masu gwanjo na London. Ya ce, "Alhaji, ka taɓa jin wani George Martin? Da wannan begila tasa ce, da ni da kai mun huta."

Na ji shi mana. Mu da muka yi sakandare cikin shekarun 1970 mun tarar da ragowar yayin mawaƙan nan huɗu na Ingila, Beatles, kuma duk wanda ya taɓa juya kwalin faifansu ya karanta ƙananan rubutun baya ya ga sunan. Shi ne mai tsara musu sauti a ɗakin ɗaukar murya. Amma sai da ya rasu cikin watan Maris 2016, yana da shekara 90, na karanta labarinsa sosai, abin kuwa ya tsaya mini a rai ta wata fuskar da dillali bai sani ba.

An haifi George Martin a London cikin 1926, ɗan kafinta ne, gidansu ba masu hali ba ne. Yana ɗan shekara shida aka sami fiyano a gidan, yawancin abin da ya iya a kanta da kunne ya koya. Cikin 1943, yana da shekara 17, ya shiga rundunar jiragen sama ta mayaƙan ruwan Ingila, aka kai shi har tsibirin Tirinidad don horo. Aikin da aka koya masa shi ne na mai lura. A irin jiragen da rundunar ke amfani da su a lokacin, kamar Swordfish, mutum uku ne a ciki: matuƙi a gaba, mai wayar iska da bindiga a baya, mai lura a tsakiya da taswira da agogo da kamfas a cinyarsa. Mai karatu ya tuna cewa a bisa teku babu kuka babu dutse da za ka yi alama da su, jirgin ruwan da ka taso daga kansa kuma bai tsaya yana jiranka ba, ya yi gaba. Sai mai lura ya lissafa ƙarfin iska da gudun jirgi da lokacin da aka ci, ya ce wa matuƙi ga inda za mu same shi. In ya kuskure lissafi, mai ya ƙare a kan ruwa. A ganina wanda ya koyi wannan aiki ya riga ya koyi zama da mawaƙa: ba shi ke riƙe da sitiyari ba, ba muryarsa ake ji ba, amma shi ya san inda za a sauka.

An ba shi muƙamin hafsa, yaƙi kuwa ya ƙare bai kai ga fagen fama ba, shi da kansa bai taɓa ɓoye haka ba. Yana cikin kaki ya buga wani kiɗan fiyano da ya tsara a wani shirin BBC na sojan ruwa. A can ne kuma ya gyara harshensa ya koma irin na manyan hafsoshi, har yaran Beatles da suka sadu da shi cikin 1962 suka ɗauka ɗan manyan gida ne. Da aka sallame shi cikin 1947, gwamnati ta ba shi kuɗin karatu irin na tsofaffin sojoji, ya shiga makarantar kiɗa ta Guildhall shekara uku. Cikin 1950 ya kama aiki a kamfanin EMI, cikin 1955 ya zama shugaban sashen Parlophone, cikin 1996 Sarauniya ta ba shi sarautar Sir. Kayan da suka shafi yaran da ya yi wa aiki kuwa, ga misali guda: cikin watan Disamba 2015 an yi gwanjon kwafi mai lamba ta ɗaya na wani faifansu na 1968, wanda makaɗin gangarsu Ringo Starr ya adana, aka saye shi dala 790,000. Faifai guda.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin busan da ya koya a Guildhall ban da fiyano. Turawa suna kiransa obo. Na nemi hotonsa na duba, na saurari muryarsa, sai na ga ai wannan ɗan'uwan algaita ne da ya yi karatun boko: dogon bututu na itace, da ramukan yatsu, da ɗan siririn baki da ake matsewa iska ta kaɗa shi. Mahaifina kuwa ɗan mai algaita ne, jikan mai algaita.

Kakana shi ke busa wa hakimin ƙasarmu. Mahaifina ya tashi da algaita a baki, ya iya abin nan da mabusa ke yi na cika kumatu da iska suna shaƙa ta hanci, sautin bai yanke ba. Da yaƙi ya zo, abin da ya fara fid da shi daga ƙauye aikin lebura ne a filin jirgin saman Kano cikin 1941. A lokacin Jamus da Italiya sun tsare hanyar Bahar Rum, sai Ingila ta riƙa kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar da ake kira Gana yanzu, a haɗa su a can, su taso ta Ikko da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, su ratsa Sudan har Masar. An fara wannan cikin watan Satumba 1940, kafin a daina kuwa jirage fiye da 5,000 sun bi hanyar. Waɗansu ma wani jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen sama, Furious, shi ya kawo su gaɓar Takoradi. Mahaifina yana cikin masu sassabe da ɗaukar tsakuwa da mirgina gangunan mai. Yakan ce a nan ya fara jin begila daga sansanin soja da asuba, ya ce a ransa wannan abu ko rami guda ba shi da shi, yaya ake fid da murya biyar daga cikinsa?

Son sanin wannan, da sule guda a yini, su suka sa shi kaki cikin 1942. Ranar da aka gwada sababbin shiga da begila, ya riƙe sauti guda bai yanke ba har Samanja ya zagayo ta bayansa yana duba ko wani ne ke taya shi. Daga ranar ya zama mabushin kamfaninsu. Begila ba ta da rami ba ta da maɓalli, da leɓe kaɗai ake sarrafa ta, ita ce kuma agogon bariki: busan tashi, busan fareti, busan abinci, busan kashe fitila. Ya ce kowane busa sojoji sun sa masa kalmomin Hausa na kansu don su riƙa ganewa, waɗansu kalmomin ba su faɗuwa a gaban yara, balle a jarida. Hausa ce harshen bariki a lokacin, har Turawan hafsoshi sai sun koye ta.

Rundunarsu ita ce ta 82 ta Afirka ta Yamma. Sun haye teku cikin 1944, ƙarshen shekarar suna cikin dajin Arakan a yammacin Bama, cikin watan Janairu 1945 kuma su da 'yan'uwansu na runduna ta 81 suka karɓe garin Myohaung daga hannun Japan. Sunayen wuraren nan suna nan tare da mu, sai dai ba mu tambaya. Barikin Myohaung da na Dodan a Ikko, da Kalapanzin da Dalet a Kaduna, duk daga can aka samo su. Na sha jin mutane suna cewa Dodan Barracks dodon Hausa ne, don shugabannin soja sun zauna a ciki, alhali kuwa sunan wani wuri ne a Arakan. Haka nan mutanen Abuja ke tururuwa zuwa barikin Mogadishu cin gasasshen kifi, da wuya ka sami wanda zai gaya maka cewa sojojin Nijeriya ne suka shiga birnin Mogadishu cikin watan Fabrairu 1941.

A dajin, begila ta zama kaya kawai. Wa zai busa ya gaya wa Japan inda yake? Sai ya naɗe ta da tsumma ya tura ƙasan jaka, aka mai da shi ɗaukar masu rauni da kai saƙo. Lotsawar bakinta a wani rafi ta same ta, ranar da santsi ya kwashe shi da mutum a kafaɗa. Abinci daga sama ake jefo musu da laima. Labarin da muka fi yi wa dariya muna yara shi ne da ya ce ya ga wani jirgin ruwa da idonsa, bisansa a shafe kamar filin idi, jiragen sama suna kwana a cikinsa kamar tantabaru, da safe su tashi da yamma su komo. Mukan ƙyafta wa juna ido, mu ce mazan jiya an fara. Sai da na girma na karanta cewa cikin watan Janairun nan na 1945, jiragen da suka rufa wa sojojin da suka sauka tsibirin Ramree baya, a wannan gaɓar ta Arakan, daga bisa wani jirgin ruwa mai suna Ameer suka tashi. Lokacin da na karanta ba ya da rai balle in nemi gafara.

Bai sake busa begilar da ƙarfinsa ba sai cikin watan Agusta 1945, da labari ya zo Japan ta sallama. Da za su komo gida cikin 1946, begila kayan gwamnati ce, ya kamata ya mayar. Wani Baturen hafsa ya dubi lotsawar ya rubuta cewa ta lalace, ya miƙa masa. Suka sauka Ikko, jirgin ƙasa ya kawo su Kano. A wannan zamanin ne Malam Sa'adu Zungur ya yi waƙarsa ta Maraba da Soja. Maraba kam an yi. Amma da ya isa gida ya tarar kakana ya rasu, algaitar hakimi ta koma hannun wani baffansa, leɓensa kuma ya saba da bakin ƙarfe. Kuɗin sallamarsa keke ya saya da su ya yi aure, suka ƙare. Ya yi gadi a wani kamfanin gyaɗa a Kano shekara ashirin da 'yan kai. Begilar kuwa sau ɗaya a shekara take fitowa, da azumi, yana tashin unguwa sahur. Har yau tsofaffin unguwar ba su san sunansa na yanka ba, Mai Begila suke cewa.

Ba na jin haushin George Martin, kada mai karatu ya ɗauka haka. Yana da baiwa, ya kuwa yi aiki da ita. Ina dai duban samari biyu 'yan talakawa, masu kunnen kiɗa, waɗanda yaƙi guda ya ɗauka ƙarƙashin sarki guda. Wanda bai ji ƙarar harsashi ba aka sallame shi da kuɗin makaranta, wanda ya ɗauki gawa a Arakan aka sallame shi da kuɗin keke. Ba kuwa zato nake yi ba game da bambancin ma'auni. Cikin 2019 waɗansu takardu daga ma'ajiyar gwamnatin Ingila suka fito fili, suka nuna cewa a rundunonin Afirka ta Gabas kuɗin sallamar farabiti Bature sule goma ne a kan kowane watan da ya yi, na baƙar fata kuwa sule uku da sisi. Bugu da ƙari, shi na saman an rubuta kowace sa'a tasa. Na ƙasan kuwa duk abin da hukuma ta ba shi a rubuce game da shekarunsa huɗu yana cikin ɗan littafi guda wanda bai fi tafin hannu ba.

Wannan littafi ni na ɓatar da shi. Cikin 1987 ina ƙaramin akawu a Kaduna, na zo hutu gida, na tarar wani mutum da jakar takardu yana zaga unguwanni yana cewa an aiko da kuɗi daga Ingila domin mazan jiya, kowa ya kawo littafinsa a kai a tantance. Mahaifina ya ƙi. Ya ce littafin nan ya haye teku da shi, ba zai bar shi ya haye titi ba shi ba. Ni ɗan boko, mai sa taye, na zauna na yi ta yi masa bayani har na nuna masa cewa rashin wayewa ne. Ya tashi ya buɗe adaka ya miƙo mini, bai ce kome ba. Ni na kai da hannuna, ko rasit ban karɓa ba. Ba mu sake ganin mutumin ba. Shekara bakwai mahaifina ya yi bayan wannan, bai taɓa tayar mini da maganar ba ko sau ɗaya, wannan shirun kuwa ya fi mini zafi da a ce ya zage ni.

Duk wannan ban gaya wa dillali ba, cewa na yi littafin ya ɓata. Ya yi shiru kaɗan, ya dubi ɗana, ya rage murya. Ya ce akwai hanya. Ya zuge jakarsa ya fito da wani ɗan littafi cikin leda, bangonsa ya yi laushi kamar tsumma. Littafin sallama ne na wani soja, na rundunar 82 shi ma, ya saye shi cikin tarkacen takardu, ba minda ba hoto. Ya ce, "Ranka ya daɗe, kai kana da minda ba littafi, ni ina da littafi ba minda. In aka haɗa su, da begilar da hoton, a ce ga mai littafin nan na uku daga hagu, wa zai ce ba haka ba ne? Duk Bama suka je." Ya faɗi abin da zai ba ni in na yarda. Kuɗin sun isa gado da katifa da kujeru, har da canji.

Na karɓi littafin na buɗe, hannuna yana rawa, domin na yi tsammanin zan ga sunan mahaifina. Ba shi ba ne. Wani bawan Allah ne daga lardin Sakkwato, an ɗauke shi cikin 1943, an sallame shi cikin 1946, sana'arsa kafin soja an rubuta noma, halinsa kuma an rubuta kyakkyawa ƙwarai. Ga zanen yatsansa a ƙasa, bai iya sa hannu ba. Ba zan yi wa mai karatu ƙarya ba, na yi lissafin kuɗin nan a zuciyata, na kuma ce wa kaina ai ba wanda za a cuta sai wani Bature mai kuɗin banza. Na ce wa dillali ya ba ni kwana uku.

A daren nan na kasa barci. Abin da ya riƙa dawo mini shi ne hoton. Na uku daga hagu mahaifina ne, da kumatunsa na mai algaita. Za a rataye shi a wani ɗaki a wata ƙasa da sunan wani a ƙarƙashinsa, a ce manomi ne daga Sakkwato, begilar kuma a ƙaga mata wani labari. Shi kuma mai littafin a ba shi fuskar da ba tasa ba. Sa'an nan na tuna cewa littafin nan ba da ƙafarsa ya zo jakar dillali ba. Wani ne ya karɓe shi daga hannun tsoho, watakila da irin bayanin da na yi. Nawa kuma yana can cikin wata leda, ko an riga an ɗaura masa mindodin wani.

Da safe na bugo wa ƙanena. Na gaya masa kome, har da abin da ya faru cikin 1987, wanda bai taɓa sani ba domin yana yaro a lokacin. Ya daɗe bai yi magana ba. Sa'an nan ya ce, "Yaya, ashe kai ne." Na ce ni ne. Muka yi shawara a kirawo malami ya ƙiyasta kayan bisa farashin gaskiya, watau na mindar da ba littafi, in biya shi da 'yan'uwanmu mata rabonsu daga kuɗin fanshona, in kuma ɗauki nauyin katifa a matsayina na uba. Ya yarda, amma muryarsa ba ta koma yadda take ba, har yanzu kuwa gaisuwarmu gajera ce.

Ran 15 ga watan Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, na kalli bikin a talabijin: shugabanni suna ajiye furanni a kabarin sojan da ba a san sunansa ba, daura da Dandalin Eagle, aka saki fararen tantabaru, wani saurayi ya busa begila. Ya iya, sai dai numfashinsa gajere ne. Bayan kwana biyu na sa ɗana ya kai ni maƙabartar sojoji da ke hanyar filin jirgin sama, inda aka kafa allunan sunayen 'yan Nijeriya da suka mutu a yaƙe-yaƙen duniya biyu, wurin da Yarima Charles, Sarkin Ingila na yanzu, ya ajiye furanni cikin watan Nuwamba 2018. Na bi sunayen da yatsa, Musa Kano, Garba Katsina, Audu Zariya da ire-irensu, yawancinsu sunan gari ne a madadin na uba. Waɗanda suka mutu a Bama ba a ga gawarsu ba kuma suna cikin sunaye kusan 27,000 da aka sassaƙa a Taukkyan kusa da Rangun. Mahaifina ba ya cikin ko ɗaya, domin shi ya dawo.

Da muka komo gida na zauna na rubuta duk abin da na tuna daga bakinsa, shafi tara, na sa hannu, na aika wa wata gwaggona da ta rage ta dangwala yatsa, na naɗe kwafi guda na tura cikin bakin begilar. Dillali ya ce wannan ba takardar da masu saye ke karɓa ba ce. Na ce na sani.

Littafin mutumin Sakkwato kuwa na tambayi farashinsa, ya fi ƙarfina a wannan watan na biki. Dillali ya yi mini alkawarin ba zai sayar ba sai bayan salla, ya kuma bar ni na kwafi lamba da sunan ƙauyen. Na rubuta wa dagacin garin wasiƙa, mako biyar ke nan ban sami amsa ba. Saboda haka in akwai wani a ƙasar Sakkwato ko Kabi ko Zamfara wanda mahaifinsa ko kakansa ya je Bama cikin runduna ta 82, aka ɗauke shi cikin 1943, yana da minda a gida amma littafin ya salwanta, to, ya rubuto ta hannun Edita, ya faɗi sunan tsohon da ƙauyensu, ni kuma in gwada da abin da na kwafa.